Wuta gaba, wuta baya: wata huɗu ana juya delkon wata Land Cruiser a Maradi

Motar da aikinta

Motar Land Cruiser ce a-kori-kura, ƙirar ƙarshen shekarun 1980, mai injin da Toyota ta kira 3F: silinda shida a jere, lita huɗu, fetur take sha. Ta kawuna ce, ɗan kasuwar hatsi a Maradi, ni kuma nake riƙe masa littafin lissafinta. Kwanaki da litoci da kuɗin da za a gani a nan daga wannan littafin na kwaso su.

Sau biyu a mako take zuwa Dakoro, ta bi ta Tibiri da Sabon Machi da Kornaka. Ta tafi da sukari da taliya da sabulu da 'yan tireda, ta dawo da gero da wake, wani lokaci har da jajayen awaki a saman buhuna. Zuwa da dawowa kusan kilomita 250 ne, ban da ratsen da direba kan yi cikin rairayi zuwa ƙauyukan da ake ajiye masa kaya. Shekara biyu tana shan lita 47 zuwa 49 a kowace tafiya.

Injin irin na da ne, babu kwamfuta a jikinsa. Delko ne ke raba wa buji wuta, a cikinsa kuma akwai filatin, 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa, kowace buɗewa tartsatsi guda. Kanikawanmu na Maradi bakinsu biyu ne kamar kuɗin aljihunsu: wanda ya koyi aiki a Damagaram ko Yamai ya ce buji da filatin da radiyata, wanda ya koya a Katsina ya ce fulogi da kwantak da lagireto. In tartsatsin ya zo da wuri su ce wuta ta yi gaba, ko abans. In ya makara, wuta ta yi baya.

Disamba 2023 zuwa tsakiyar Janairu 2024: somin taɓi

A makon ƙarshe na Disamba direba ya fara kuka, hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari. Ya ce motar tana tashi lafiya da safe, tana zama a ralanti (wato inji na aiki mota a tsaye) babu gargada, amma da ya hau kwalta ya sa giya ta huɗu sai ta yi nauyi kamar ana riƙe da ita ta baya. Da tana yin 90 da kaya ba tare da ya nitsa ƙafa ba, yanzu da ƙyar take kai 75. Allurar zafi, wadda ba ta taɓa kai tsakiya ba, ta fara leƙa sama, alhali sanyi ake yi.

Littafi ya nuna lita 52 ran 27 ga Disamba, 55 ran 10 ga Janairu, 56 ran 17. A lokacin ana sayar da lita sefa 540 a gidan mai, wato jika huɗu (sefa dubu huɗu) da 'yan kai ke ƙonewa a banza kowace tafiya. Kawu, kamar kowane mai mota, direba ya fara zargi. Ya sa na bi shi Dakoro ba tare da an faɗa masa dalili ba. Ni na tsaya aka cika tanki, ni na tsaya aka sake cikawa da muka dawo: lita 56. Aka wanke direba, aka koma kan mota.

Ƙarshen Janairu: mai da karbirata

Zargi na biyu ya faɗa kan mai. Tun da Bola Tinubu ya janye tallafin fetur a Najeriya ran 29 ga Mayu 2023, man kwalba da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin hanya ya yi tsada, aka kuma yi ta raɗe-raɗin wasu na gauraya shi. Kawu ya hana shan na kwalba, ya ce sai na gidan mai. Tafiya biyu aka yi a haka: lita 55 da 56.

Daga nan aka sauke karbirata aka wanke, aka hure ta da iska, aka sake filtar mai, aka kakkaɓe filtar iska. Ƙurar da ta fito daga cikinta ta kusa cika kofin shayi. An kashe jika 8. Ralanti ya ƙara daɗi, mai ya sauko 54, nauyin nan na kan kwalta kuwa yana nan inda yake.

Fabrairu: gyaran kunne

Ran 3 ga Fabrairu direba ya kai ta wurin wani matashin bakanike kusa da tasha. Shi ne ya fara buɗe hular delko, ya tarar ɗan dunduniyar filatin da ke gogar sanda ya cinye, bakin filatin da ƙyar yake rabuwa. Ya sa sabon filatin da kondansa da buji shida, jika 12. Tazarar bakin filatin da kwalin sukari ya auna ta. Sannan ya tada inji, ya sassauta ƙusar da ke riƙe da delko, ya kama shi yana juyawa a hankali, kansa a karkace yana saurare, har inji ya kai iyakar gudun da zai yi a ralanti. Ya ɗan komo da shi kaɗan ya ɗaure.

Direban nan yana da wata ɗabi'a da ta yi mana rana daga baya: kafin a taɓa delko ya ɗauki ƙusa ya yi zane a gindinsa, bayan an gama ya sake yin wani. Tsakanin zanen biyu bai fi kaurin tsinken ashana ba.

A kan kwalta mota ta farfaɗo. Ta koma 90, allurar zafi ta sauka, mai ya dawo 51. Kawu har tukuici ya aika wa yaron. Amma wasu abubuwa biyu suka bullo. Da safe, ko bayan ta yi zafi an kashe ta a kasuwa, sitata sai ya yi ta gurnani, ya juya ya tsaya, ya juya ya tsaya, wani lokaci inji ya tokare shi ya dawo baya. In kuma ta shiga rairayi da kaya, inji na tafiya a hankali direba ya danna totur, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Gurnanin sitata aka ɗora wa batir. Ran 14 ga Fabrairu aka sayi sabo, jika 45. Washegari da safe sabon ya yi gurnani irin na tsohon.

Maris: an maido ta baya

Ran 9 ga Maris wani bakanike a Dakoro ya ji ƙarar tsakuwar, ya ce wa direba in ya ci gaba a haka fistan zai huje. Ya sassauta delko ya maido shi baya har ya wuce zanen farko. Ƙarar ta ɗauke nan take, mota kuma ta koma tashi da taɓawa ɗaya.

Ƙarfi kuwa ya tafi fiye da na Janairu. Mai ya hau 61, sannan 63. Azumi ya kama, zafi ya fara shigowa, allura ta riƙa kwana kusa da ja. Wani dare suna dawowa yaron mota ya buɗe murfin inji zai ƙara ruwa, ya ga bututun hayaƙi, daidai inda ya fito daga jikin inji, ya yi jajir kamar garwashi. Ran 20 ga Maris ta tafasa bayan Kornaka da rana tsaka, fasinja masu azumi suka yi awa biyu a gindin aduwa suna jiran ta huce.

Aka sauke radiyata aka tsefe ta, jika 10, aka cire tamostat aka jefar, wai yana tare ruwa. Tafiya ta gaba ta sake tafasa, sai dai ta ɗan ƙara nisa kafin ta yi. Ran 28 ga Maris kawu ya sa aka jingine ta a ƙofar gida sai bayan Salla. A lokacin maganar sauke inji gaba ɗaya ake yi.

15 ga Afrilu: garejin dattijo

Wanda aka kai wa ita dattijo ne da ya yi shekaru a garejin wata ƙungiyar agaji, inda irin waɗannan motoci suka yi yawa. Bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da direba a benci.

"Yaro, ba ni labarinta tun daga farko, kada ka tsallake komi."

Direba ya zayyana, ni ina karanto litoci. Ya ƙare da cewa, "Baba, in an kai wuta gaba ta ƙi tashi, in an maido ta baya ta ƙi tahiya."

Dattijo ya ce, "To, mu gani."

Ya fara da abin da zai raba gardamar sauke inji. Ya cire buji shida ya auna matsin kowace silinda. Biyar suna tsakanin kilo 9.5 da 10, ta biyar a jeri tana 8.5. Ya ce inji bai mutu ba. Ya duba wayoyin buji ko suna kan tsarinsu na 1-5-3-6-2-4, suna nan daidai. Sai filatin: ya juya inji har dunduniyar ta hau ƙololuwar sanda, ya zura siraran ƙarafan awon nan masu lamba. Tazarar 0.30 ce, ya buɗe ta zuwa milimita 0.45. Ya ce wannan ake fara yi kafin a taɓa delko, domin in bakin filatin ya tsuke yakan makara wajen buɗewa, wuta ta ja baya da kanta ko ba wanda ya juya komai.

A jikin gidan fulawil, babban faifan nan mai haƙora da sitata ke kamawa, akwai wata 'yar taga da tsinken ƙarfe a tsakiyarta. Tamu laka da baƙin mai sun toshe ta, direba ma bai san da ita ba. Dattijo ya goge, ya sa yaronsa ya juya inji da hannu har alamu biyu suka bayyana: wani layi, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da aka dasa a jikin faifan. Layin yana nuna fistan na ɗaya ya kai ƙoli. Ƙwallon yana nuna saura digiri 7 ya kai, kuma nan ne Toyota ta ce wuta ta tashi a ralanti. Ya shafa wa ƙwallon alli.

Aka maida buji, aka tada inji ya yi zafi. Ya zare tiyon da ya taso daga karbirata zuwa ɗan kwanon da ke gefen delko ya toshe shi da ƙusa, ya daidaita ralanti wajen juyi 650 a minti. Sannan ya ɗauko fitilarsa mai siffar bindiga, ya maƙala ta a batir da wayar buji na ɗaya, na gaba kusa da fanka. Fitilar tana walƙiya duk lokacin da bujin ya samu wuta, sai faifan da ke gudu ya zama kamar a tsaye yake. Layin muka gani a kan tsinke: wuta na tashi a sifili, ko bayan gyaran filatin. Don gwaji ya kai delko kan zanen Fabrairu, ƙwallon ya wuce ya bar tagar gaba ɗaya. Ya ce sandar delko rabin gudun inji take yi, saboda haka digiri ɗaya a delko biyu ne a inji, kaurin tsinken ashana ba ƙaramin abu ba ne. Ya dawo da shi a hankali har ƙwallon ya zauna a kan tsinke, ya ɗaure.

Direba ya fara laluben aljihu. Dattijo ya ce, "Tsaya tukuna." Ya sa yaronsa ya ja totur a hankali, shi yana haska tagar. Inji ya ɗauki kuka, fanka na hura mana zafi a fuska. Ƙwallon bai motsa ba. Ya miƙo mini fitilar na gani da idona, farin ɗigo a zaune kan tsinke kamar an kafe shi.

Bayanin da ya yi mana shi ne, mai da iska ba sa fashewa lokaci guda, ci suke yi, kuma cin yana ɗaukar ɗan lokaci. Ana so ƙarfinsa ya cika jim kaɗan bayan fistan ya wuce ƙoli. A juyi 600 inji na cin digiri 3,600 a daƙiƙa, a juyi 2,400 kuwa 14,400, wutar cikin silinda kuma ba ta ninka saurinta haka. Dole tartsatsi ya riƙa sammako gwargwadon gudun inji. Masu wannan aiki wasu ƙarafa biyu ne masu siffar ƙoda a ƙarƙashin farantin filatin. In inji ya ɗau gudu sai su baje, su murɗa sanda gaba, in ya lafa sifirin ya jawo su.

Ya kashe mota, ya cire hula, ya kama yatsan delko, wanda ke juyawa a kan sanda yana raba wuta, ya murɗa. Lafiyayye yakan ɗan juya ya komo da kansa. Wannan ko gezau. Ya sa tiyon kwanon a baki ya tsotsa, iska ta yi ta zuwa ba tsayawa: fatar robar da ke ciki ta yage, ita ma ta daina ƙara wuta lokacin da mota ke tafiya da ƙafa sama-sama.

Kafin ya zare delko ya tsayar da inji a kan fistan na ɗaya, ya yi alamar inda yatsa ke kallo. Da ya ɗaga farantin, ƙarafan biyu suna kwance cikin wani jan kwaɓi na tsatsa da ƙura da busasshen giris, sun manne a wurin hutunsu. Robar da ke hana ƙura shiga ƙarƙashin hula babu ita. Direba ya tuna a damina ya ratsa wani kwari da ruwa ya kai ƙofa, kuma kusan kowace Juma'a yana sa a wanke inji da tiyo.

Aka jiƙa su da kananzir, aka goge turakunsu da takardar yashi mai laushi, aka ɗiga mai. Sifirin biyun shi da kansa ya cire ya ajiye a murfin gwangwani, ya hana yaronsa kusantar su da filaya, don in suka miƙe wuta za ta riƙa gaba tun lokaci bai yi ba. Wajen mayarwa ya daɗe yana lallaɓawa. A wannan inji ƙarshen sandar delko ne ke juya famfon man inji, in bai zauna cikin tsagarsa ba mota za ta tashi amma mai ba zai zagaya ba. Da aka tada ta, allurar mai ya fara kallo kafin komai.

Ya sake auna filatin, ya sake kai ƙwallon kan tsinke. Yaro ya ja totur, ɗigon allin ya zame ya fice daga taga. Ya saki, ya dawo mazauninsa. Sau uku aka yi. Ya sa aka sayo sabon tamostat, jika 6. Muka ɗora buhu goma na gero muka hau hanyar Tibiri, ya sa direba ya bar ta a giya ta huɗu tana 40 sannan ya take totur har ƙasa. Ta ja babu ƙarar tsakuwa. Kuɗin aikinsa jika 10.

Afrilu zuwa Yuni: sakamako

Ran 17 ga Afrilu ta sha lita 52, ran 24 ta sha 51. Ƙarfi ya dawo, sitata na juyawa sumul, allura ba ta wuce tsakiya ba duk da ranar Afrilu da ke haura digiri 40. Ran 4 ga Mayu aka samo kwanon tsotso daga wani mataccen delko a wurin masu kayan gwangwan, jika 7, dattijo ya ɗaura ya sake haskawa. Tafiye-tafiye uku na gaba: 48, 48, 47. Gab da Sallar Layya ta yi sawu huɗu na raguna daga Dakoro ba ta nemi ruwa a hanya ba.

Abin da nake gani

Cuta biyu suka haɗu a Disamba: filatin da ya tsuke, da ƙarafan da suka daskare. Na farko kowa na iya gani da ya buɗe hula, shi ya sa aka tsaya a kansa. Na biyu ya mayar da wutar motar wuri guda, alhali aikinta tafiya ne, daga digiri 7 a ralanti zuwa ninkinsa da yawa a kan kwalta. Delkon da ya daskare duk inda aka ɗaure shi zai dace da gudu ɗaya ne kawai. Yaron tasha ya ba kwalta abin da take so, tashi da rairayi suka biya. Na Dakoro ya ceci fistan, kuma gaskiyarsa ce, ƙarar nan tana huda fistan, amma ya bar mai yana ƙarasa ci a bakin bututun hayaƙi, abin da ya ja tafasa da jan ƙarfen da yaron mota ya gani. Ban ga laifin kunnensu ba sosai. Kowannensu mota a tsaye ya saurara.

Fitilar ma ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Da dattijo ya tsaya a digiri 7 ya karɓi kuɗinsa, da mun koma gidan jiya, wato halin Janairu. Jan totur ɗin nan na daƙiƙa goma ne ya tona asiri, murɗa yatsan delko kuwa ko fitila ba ya bukata.

Laifin da ya fi girma namu ne, masu mota. Kowane bakanike ciwon ranar muka kai masa, ba wanda muka ba labarin gaba ɗaya sai wanda ya tilasta mana. Kafin 15 ga Afrilu mun kashe jika 75, a ciki jika 12 na filatin da buji ne kawai ke da hujja. Gyaran da ya yi aiki jika 23 ne. Batirin jika 45 ya fi ci mini rai, don ni na ba da shawarar sayensa; tsohon yana nan a shagon kawu yana kunna fitila da fanka.

Silinda ta biyar har yanzu 8.5 take. Dattijo na zargin zafin Maris ya taɓa bawul ɗinta na hayaƙi, ya ce a kawo ta bayan kaka, in jigilar gero ta lafa, ya buɗe kan inji ya duba. Kafin nan an hana wanke inji da tiyo, na kuma ƙara layi ɗaya a littafi: duk kilomita 5,000 a auna filatin, a ɗiga mai a sandar delko, a murɗa yatsa a gani ko yana komowa.